Kaset Ɗin Da Yaya Ya Ɗora Wa Laifi

Yayana injin niƙa gare shi a bayan kasuwa, nan Kontagora, kuma injin nan ne ya cinye masa kunne. Da wannan na fara don kada wani ya karanta abin da zan rubuta ya ce kiɗan Turawa ne ya kurmantar da shi, kamar yadda wasu a danginmu suke faɗa har gobe. Masu faɗar haka ba wanda ya taɓa yin awa guda a rumfar injin. Ni na sha yi, kuma duk ranar da na yi sai in wuni kaina yana amsa kuwwa. Kaset ɗin bai yi masa komai ba. Mafaka ya ba shi shekara da shekaru, ni kuma na je da wayona na rushe masa ita.

Kafin injin, Yaya direba ne. Wani ɗan kasuwa ya sayo mota 'yar Beljiyam daga Kwatano ya damƙa masa, yana jigilar fasinja tsakanin Kontagora da Bangi. Ni ne autan gidanmu, lokacin ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, kuma ina tsaye a wurin ranar da aka kawo motar. Yaya ya shiga, ya shafa sitiyari, ya murɗa rediyo don ya ji ko yana kama tasha. Abin da ya fito daga ƙofofin motar nan, wallahi na ɗauka inji ne ya buga. Bakaniken da ke leƙa ƙarƙashinta ya fito da rarrafe, ya bar sifanarsa a can. Ashe Baturen da ya rabu da motar ya mance kaset a ciki, kaset ɗin kuma ya maƙale. Aka danna, aka zungura da tsinke, ya ƙi fitowa. Mai gyaran wutar mota ya ce sai an kwance gaban motar gaba ɗaya, mai mota ya ce wanda ya taɓa masa sabuwar mota sai sun yi shari'a. To, rediyon ba ya kama tasha in da kaset a cikinsa. Ya zama ko dai shiru, ko wannan abin.

Makonnin farko shiru Yaya ya zaɓa. Amma hanyar Bangi doguwa ce, in ya sauke fasinja ya juyo ba kowa, gyangyaɗi yakan kama shi da tsakar rana, sai ya riƙa kunnawa don ya wartsake. Wata rana ya ɗauko ni daga makaranta, muna tafe abin yana ta ruri, sai ya rage gudu ya ɗaga mini yatsa.

"Auta, saurara. Akwai mutane a cikin abin nan."

Na ce mutane ko aljanu.

"Mutane ne, su huɗu. Ji wannan, shi ke riƙe da su duka. Ji wancan siririn, jira yake a ba shi hanya."

Na saurara don kada ya ce na raina shi, sai kuwa na ji. Abin da na ɗauka hayaniya ce guda ɗaya ashe mutum huɗu ne, kowa da aikinsa, wannan ya saki wancan ya cafe, kamar mata masu lugude a turmi ɗaya. Ban ce na so shi ranar ba. Waƙa takwas ce a kaset ɗin, huɗu a kowane gefe, har yau uku kawai nake so daga ciki. Amma na daina cewa hauka ne.

Daga baya, yana wanke mota, ya tsinci kwalin kaset ɗin a ƙarƙashin kujera. Ruwa ya taɓa shi, rubutun kuma irin murɗaɗɗen nan ne, ni da nake taƙama da Turanci ban iya fitar da harafi uku a jere ba. Hoton dai ya fito: maza huɗu, gashi har kafaɗa, baƙaƙen riguna na fata, ba mai murmushi ko ɗaya. Tunda ba mu san sunansu ba, Yaya ya riƙa kiran kowa da aikinsa. Mai ganguna shi ne maƙeri. Mai jita mai ƙaramar murya shi ne siriri. Mai babbar jita, wadda ake ji a ƙirji, shi ne ɗan dako, don shi ke ɗauke da kayan kowa ba a gode masa. Mawaƙin kuwa mai shela.

Waƙoƙin ma ya raɗa musu suna. Ta farko "Tirela a gangara", don haka take farawa, a hankali da nauyi, sannan ta ƙwace ba birki. Ta uku "Faɗan bijimai". Ta ƙarshe ita ce tasa. Ana cikin tafiya, ganguna da komai sai su ɗauke ɗif, a bar siriri shi kaɗai da jitarsa, ya yi ta hawa sama da wata 'yar murya mai tsini, yana kuka, kusan minti guda, kafin sauran su faɗo masa gaba ɗaya. Yaya ya ce ya san kukan nan, na ɗan akuya ne da yammacin ranar kasuwa, in an sayar da uwar an dawo da shi gida. Ya sa mata "An sayar da uwa". In wurin ya zo ba a yi masa magana, ko fasinja na son sauka sai ya jira.

Fasinja kuwa sun ga ta kansu. Wani dattijon Bafulatani da ya ɗauko daga bakin rugarsu ya sa aka tsaya a tsakiyar daji, ya sauka, ya zagaya motar yana tofa addu'a, ya ce motar nan ba ita kaɗai ba ce. Wata mata 'yar Kambari ta yi ta dariya tana buga cinya, ta ce mai gangar nan da zai zo gayyar noma a garinsu da an gama gona kafin azahar. Babanmu, Allah ya jiƙansa, sau ɗaya ya ji, ya ce ban da ƙofar gidansa. Yaya yakan kashe tun daga kwanar unguwa.

Da mai mota ya sayar da motarsa, Yaya ya roƙi mai gyaran wuta ya ciro masa kaset ɗin kafin a miƙa makulli. Bai koma tuƙi ba. Baba ya rasu a shekarar, aka raba gado, ya sayi injin niƙa da rabonsa, ya kafa rumfar kwano a bayan kasuwa, ya yi aure.

Wanda bai san rumfar inji ba zai yi mamakin yadda mutum zai kurmance a gaban iyalinsa ba a lura ba. A cikin rumfar nan kowa kurma ne. Ba mai jin wani, da hannu ake magana. Mace ta ajiye kwanon masararta, ta murza yatsa biyu, ka san laushi take so. Ta dunƙule hannu ta girgiza, ɓarza za a yi mata. Yaya ya ƙware a wannan, yana kallon bakin mutum ya san abin da ya ce. In ya dawo gida fari fat da gari yana magana kamar mai kiran wani a ƙetaren kogi, sai mu yi dariya, mu ce duk masu inji haka suke. Gaskiya ne kuma, duk haka suke. Ba wanda ya tsaya ya tambayi dalili.

Na taɓa kai masa auduga na ce ya riƙa toshe kunne. Ya dube ni kamar na ce ya yi tuƙi ido rufe. Mai inji da kunne yake aiki. Da sauti yake sanin bel ya saki, da sauti yake sanin farantan niƙa sun fara cin juna, ko tsakuwa ta shiga cikin dawa. In ya toshe kunne, kafin ya ankara ya niƙa wa mutane ƙarfe a cikin garinsu. Na mayar da audugata aljihu. Daga hantsi har magariba yake tsaye a gindin abin nan, ranar kasuwa ko kashewa ba a yi sai don salla.

Juma'a kaɗai yake hutawa. In an sauko daga masallaci ya ci abinci, sai ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya ɗauko rakodarsa, ya sa kaset ɗin daga farko har ƙarshe, gefe biyu, ba tsallake. Ni kuma in zo in zauna. Na yi aure, na haihu, aka yi ta canza mini makaranta, amma in dai ina gari Juma'ata a zauren nan take. Mutanen unguwa suka gaji da magana suka bari. Mun fi shekara ashirin a haka.

Abin ya fara ne da tasoshin maƙeri, faya-fayan ƙarfen nan da mai ganguna ke dokawa. Wata Juma'a Yaya ya karkata kai ya ce sun dushe, kaset ya fara tsufa. Ban yi musu ba, don kaset ɗin ya sha wuya. Sau biyu rakoda tana taune zaren, Yaya ya zaro shi da haƙuri, ya yanke wurin, ya liƙa da jan farcen matarsa, ya naɗe da biro. Bayan shekara biyu ya ce mai shela ya daina kai muryarsa sama inda yake kaiwa. Sannan aka zo kan "An sayar da uwa". Ganguna suka ɗauke, siriri ya fara kukansa, ina ji sarai, ya ɗan shaƙe amma yana nan. Yaya ya buga cinya ya yi tsaki.

"Ka ji, ko? Nan ma zaren ya goge. Wurin da ya fi ko'ina daɗi."

Na dube shi. Ba wasa yake ba. Na ce, "E, Yaya, ya goge."

Wannan ita ce ƙaryar farko, kuma ban sha wahalar yin ta ba. Daga ranar duk Juma'a sai mu zauna minti guda, ni ina jin jita, shi ba ya jin komai, yana kaɗa yatsa yana ƙirga inda sauran za su faɗo. Bai taɓa kuskure ba.

Sai ya juya kan rakoda. Sau huɗu yana kai ta wurin mai gyaran rediyo na bakin tasha. Aka goge ɗan ƙarfen da zaren ke bi ta kansa, aka canza shi, aka canza sifika. Karo na huɗu Yaya ya zargi wannan bawan Allah cewa ya cire masa kayan asali ya sa jabu, a gaban mutane, da muryarsa ta inji. Mai gyaran ya tare ni a hanya bayan kwana biyu.

"Malam, don Allah ka yi wa yayanka magana. Rakodar nan lafiyarta ƙalau. Ba ita ke buƙatar gyara ba."

Na san abin da yake nufi, shi ya sa na hau shi da faɗa. Na ce in bai iya aiki ba ya faɗa, ya daina yi wa mutane duba, shi ba likita ba. Ina da saurin baki, kowa ya sani, amma ranar na yi yawa. Mutumin ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya wuce. Ya rasu ban nemi gafararsa ba, abin yana damuna har yanzu.

Matar Yaya ce ta hana ni ci gaba da kau da kai. Ta kira ni tsakar gida ranar da ba ya nan, ta ce sallama ba ya amsawa, kullum cewa yake ita ta koyi magana ciki-ciki don ta ɓata masa rai, kuma shekaranjiya ɗan acaɓa ya yi ta danna masa hon har ya goge shi da madubi. Ta ce, "Malam, kai ne ƙaninsa. Ni in na faɗa faɗa ne."

Na je wurin wani likita da na koyar da 'ya'yansa, na kwatanta masa. Bai ɓoye mini ba. Ya ce abin da ƙarar inji ta ci ba ya dawowa, siraran sauti ke fara tafiya sannan sauran su bi. Ya ce a kawo shi a auna, amma babban magani shi ne ya bar injin, ko a tsira da abin da ya rage. Na fito na tsaya a bakin titi. Ya bar injin ya ci me? Gonarmu ta hanyar Bangi ta gagari zuwa, kowa ya san dalili, 'yan bindiga ne. Gidansa cike yake da bakin ci, har da marayun 'yar uwarmu. Ni albashin malamin firamare gare ni, nawa gidan ma da kyar yake riƙewa. Na juya abin ta kowace fuska ban ga ƙofa ba.

Duk da haka na yi masa maganar asibiti Juma'ar da ta biyo. Na fuskance shi na ɗaga murya, don haka nake yi masa magana tuntuni ba tare da na yarda ina yi ba. Ya fusata.

"Ni? Ni da nake jin tsakuwa ɗaya in ta faɗa inji?"

A tafin hannu yake jin ta, na sha ganin ya ɗora hannu a jikin injin ya bar shi can. Raina ya ɓaci, na ce, "Yaya, jitar nan tana nan. Duk Juma'a ina jin ta."

"Ka haddace ta ne, kanka ke rera maka. Kaset shekara nawa? Samo mini sabo ka gani in ban ji ba."

Da na sani da na bar maganar a nan. Amma ni malamin makaranta ne, cutarmu ita ce ba ma iya barin mutum da amsar da ba daidai ba. Na bi masu tura waƙa a waya, na kwatanta musu, suka yi ta kallona. Wata 'yar bautar ƙasa da ke koyar da kwamfuta a makarantarmu ita ta ji ina ƙorafi a ofishin malamai, ta karɓi wayata ta sa mini wata manhaja, ta ce in kara ta a jikin sifika in kiɗan yana tashi. Na yi haka Yaya bai lura ba. Ko ƙirga goma ban gama ba sai ga hoton nan a fuskar waya, maza huɗu, gashi har kafaɗa, da sunansu da sunan faifan. Abin da ya gagare mu shekara ashirin da ɗoriya. Sai da na ji haushin sauƙinsa.

Ba zan rubuta sunan a nan ba, don Yaya bai taɓa kiran su da shi ba. Mako guda na yi ina karatu a kansu tsakanin darasi da darasi. Ashe irin kiɗan suna gare shi, hebi metal, wato ƙarfe mai nauyi, kuma faifan da Baturen nan ya mance a mota masana abin suna sa shi cikin manya. Na ga bidiyon filin ƙwallo cike maƙil da mutane, suna rera tirelar Yaya baki ɗaya, wasu da furfura, wasu sun ɗora 'ya'yansu a wuya. Na yi ta kallo ina tunaninsa shi kaɗai a zaure a kan tabarma, unguwa na ce masa mai kiɗan aljanu, alhali yana da 'yan uwa rututu bai sani ba.

Sauran labarin bai yi mini daɗi ba. Yaya ya sha cewa mutanen nan dole 'yan ɗaki ɗaya ne, don ba a irin wannan fahimtar juna da bare. Ashe bayan faifan nan da kaɗan suka ɓata, siriri ya yi fushi ya fita, suka yi shekaru ba ko gaisuwa. Maƙeri ya rasu. Ragowar sun tsufa, gashin ya zube, na ga mai shela a wani bidiyo yana ɗaga hannu sama inda muryar ta kasa kaiwa, jama'a na ƙarasa masa. Na nemi ma'anar "An sayar da uwa", ba uwa ba akuya a ciki, na karanta sau uku ban gane inda suka dosa ba. Na yanke ba zan gaya masa ko ɗaya daga cikin wannan ba. Kiɗan kawai zan kai masa.

Na sha tambayar kaina me nake nema. Ina so in ga fuskarsa in ya ji abinsa sabo fil, wannan gaskiya ne. Wani ɓangare na zuciyata kuma ya fara yarda da shi, yana cewa wataƙila in sautin ya fito tas da ƙarfi zai ji, likita ba Allah ba ne. Amma akwai mai son a ce auta ne ya yi gaskiya, shi ma yana ciki, ba zan ɓoye ba. Babbar sifikar da muke taron safe da ita na aro daga makaranta, na ɗaure ta a bayan babur.

Ranar gidan da baƙi. Babbar 'yarsa da ke aure a Ibeto ta zo kwana biyu da 'yarta, 'yar shekara uku, wadda Yaya ke kira amaryarsa irin wasan kaka da jika. Suna cikin gida. Na ajiye sifika a zaure, na nuna masa hoton a waya. Ya karɓa da hannu biyu ya kawo kusa da ido, ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Bai tambayi sunansu ba. Ya ce, "Kunna."

Tirela ta taso. Daɓen zauren ya ɗauki rawa, kajin maƙwabta suka watse. Yaya ya matso ya ɗora tafin hannunsa a kan sifika, fuskarsa ta washe yadda rabon da in gani tun zamanin mota.

"Ga maƙeri nan. Ga ɗan dako. Ban gaya maka ba? Ban gaya maka kaset ne ba?"

Na ce ka gaya mini, Yaya. Wallahi na yi murna, na ce a raina Allah ya sa ni ne na yi kuskure. Waƙa bakwai muka yi a haka. Sau biyu na ga ya karkata kai yana neman wani abu, ya ɗan ɗaure fuska, amma ganga ta sake ɗauke masa hankali. Da ta takwas ta fara ya gyara zama, ya yi mini alama kada in yi magana.

Ganguna suka ɗauke. Siriri ya shigo. Ban taɓa jin sa haka ba, ashe duk shekarun nan rabinsa muke ji. Muryar jitar ta fito tas, mai tsini, ta cika zauren ta fita titi, har cikin haƙorana nake jin ta. Yaya ya jira. Ya danna tafinsa a kan sifika, ya ƙara jira.

"Auta, abin naka ya tsaya. Sabis ne ya ɗauke?"

Da na ce e, da an wuce wurin. Saura kaɗan sauran su faɗo, kuma bakina ya riga ya buɗe zan faɗa. Sai ga yarinyar ta fito daga cikin gida, hannu biyu a kan kunnuwanta, ta yamutse fuska, ta zo ta tsaya a gabansa tana magana. Yaya ya dube ta. Ya dubi hannuwanta. Ya dubi wayar da ke hannuna, lambobin lokacin waƙar suna ta tafiya. Sannan ya dube ni, ni kuma na sunkuyar da kai.

"Me take cewa?"

Na matsa kusa da kunnensa. "Wai a kashe, Yaya. Ya yi ƙara."

"Kashe mata."

Na kashe. Yarinyar ta sauke hannu, ta haye cinyarsa, ta kama gemunsa tana ta zuba surutu, wai angon nata ya tsufa, wai in bai saya mata alewa ba ta fasa auren. Shi kuma yana kallon bakinta. Bakin yaro ba ya karantuwa kamar na babba.

"Tun yaushe take magana?"

Na ce tun kafin azumin bara.

Ya shafa kanta.

"Ni na ɗauka nauyin baki ne da ita. Ina ganin tana motsa baki, ba abin da ke fita. Ban gaya wa uwarta ba don kada hankalinta ya tashi." Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da wata 'yar kwalba, ya ajiye a kan tabarma. "Rubutu ne. Da safen nan na karɓo mata wurin malam."

Da ƙarfi ya faɗi wannan duka, don ba shi da wata muryar. Na san na cikin gida sun ji, motsin kwanuka ya tsaya.

Ina so in ce masa wani abu. In ce ya yafe mini, in ce za mu je a auna, in ce akwai na'urar da ake saƙalawa a kunne, ko da ban san ko za ta yi masa ba. Amma irin maganar nan a hankali ake yin ta, ni kuma duk abin da zan faɗa sai na yi ihu har na titi sun ji kafin ya kai gare shi. Muka zauna a haka, yarinyar na ta ba shi labari, har aka kira la'asar a masallacin da ke jikin katangarsa. Na jira in ga ko zai motsa. Ni na taɓa masa gwiwa na nuna masa buta.